Sayar da gida a New Bell: yadda ake shirya ranar buɗe ƙofa ga masu saye

A Amurka, wanda zai sayar da gidansa yakan tsayar da rana guda, galibi Asabar ko Lahadi, a kafa allo a bakin titi, duk mai sha'awa ya shigo ya duba ɗaki ɗaki. A New Bell da sauran unguwannin Hausawa na Douala ba haka aka saba ba. Dillali ne ke kawo mutum yau, wani dillalin ya kawo wani gobe, kowa da kuɗin da ya faɗa masa, mai gida kuma bai san nawa aka ɗora a kan abin da ya nema ba. Haɗa masu saye a rana ɗaya yana rage wannan ruɗani, amma sai an yi la'akari da yanayin unguwar.

Takarda kafin fenti

Jamusawa ne suka shata New Bell gab da yaƙin duniya na farko, lokacin da suka ƙwace filayen mutanen Duala na bakin kogin Wouri. Adawa da wannan ƙwace ce ta sa aka rataye Rudolf Duala Manga Bell ranar 8 ga Agusta 1914. Daga baya unguwar ta zama masaukin baƙi: Hausawa, Bamileke, Bassa da sauransu. Da yawa sun yi gini ne bisa yardar masu ƙasa, ba tare da rajista ba, gidajen kuma suka yi ta wucewa daga kaka zuwa jika.

Dokar filaye ta Kamaru, wato Ordonnance 74-1 ta 6 ga Yuli 1974, ta ce cinikin fili ko gida sai a gaban notaire, in ba haka ba cinikin ya ɓaci. Dokar 76-165 ta 27 ga Afrilu 1976 kuma ta sanya titre foncier a matsayin shaidar mallaka ta hukuma. Takardar hannu da aka rubuta a zaure, ko da shaidu goma sun sa hannu, ba ta maye gurbinsa. Saboda haka abin da mai saye zai fara gani shi ne kwafin titre foncier da sabon certificat de propriété daga ofishin filaye na ma'aikatar MINDCAF, wanda ke nuna sunan mai gidan da kuma ko an jinginar da shi a banki. Idan gidan ba shi da titre, a faɗa tun a bakin ƙofa, a kuma nemi shawarar notaire kafin a gayyaci kowa.

Gidan gado

Yawancin rigingimu daga nan suke tasowa. Ɗan'uwa ɗaya ya kira masu saye, alhali sauran magada suna Garoua, Kano ko N'Djamena ba su da labari. Kafin a sa rana, a tabbatar kowane magaji ya amince a rubuce, an kuma karɓo jugement d'hérédité daga kotu. A mazhabar Malikiyya, wanda ke da rabo a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato ya fi bare cancantar sayen kason ɗan'uwansa. A fara yi masa tayi.

Ranar kanta

Gidan Bahaushe ba shago ba ne. Akwai mata da yara, sau da yawa akwai 'yan haya a jerin ɗakuna. A sanar da su kwanaki kafin ranar, a ƙayyade lokaci, misali daga ƙarfe 10 na safe zuwa azahar, a kuma kauce wa Juma'a. Ba a buɗe ɗakin ɗan haya sai da izininsa. Baƙi su tsaya a zaure, a rubuta sunan kowa da lambar wayarsa, sannan a shiga da su biyu biyu ko uku uku tare da wani namiji na gidan. Kuɗi, zinari da takardun asali a kai su wani wuri. Kwafi kawai ake nunawa. Yana da kyau a sanar da mai unguwa, a kuma samu dattijo ɗaya ko biyu su zauna a matsayin shaidu.

Kada a ɓoye aibi

Douala na cikin biranen Afirka da suka fi samun ruwan sama, musamman a Yuli da Agusta. Gidan da aka gani fes a watan Janairu yana iya zama tafki da damina. Mai gida ya nuna inda kwano ke yoyo, tsayin da ruwa ke kai wa a bango, yanayin magudana da ramin bayan gida, da katakon da gara ta ci. Ya fito da takardun biyan wuta da na ruwan Camwater. Ɓoye aibi haramun ne a Musulunci, a dokar ƙasa ma yana iya jawo a warware cinikin. Mai saye kuwa ya zagaya ya tambayi maƙwabta, domin su ne suka san inda ruwa ke bi.

Ba a karɓar kuɗi a ranar

A yanke la'adar dillali tun da wuri, a rubuce, a faɗa wa kowa farashi ɗaya. Wanda ya yi tayi a rubuta, a ba kowa wa'adi guda. Kada a karɓi kafin alƙalami a tsakar gida, komai matsin mai saye, domin ta nan ne ake wayar gari an sayar da gida ɗaya ga mutum biyu. Wannan ya fi shafar 'yan'uwa da ke aiko da kuɗi daga Najeriya, Chadi ko Gabon: bidiyon WhatsApp yana nuna bango, ba ya nuna mai gida. Su wakilta amintacce ya je da ƙafarsa, ya kai lambar titre ɗin ofishin filaye a duba, kuɗi kuma su bi ta hannun notaire ranar sa hannu.