Tsaron Unguwa a Ingila da Gwajin da Aka Yi a Kirkholt

Aikin 'yan sandan unguwa a Ingila ya tsaya ne a kan abu guda: a ware wa kowace unguwa jami'an da suka san lungunanta, mutanenta kuma suka san su da suna, su haɗa hannu da mazauna wurin a toshe ƙofar ɓarna tun kafin a yi ta. Tun lokacin da Robert Peel ya kafa rundunar 'yan sandan Landan a 1829, ɗan sanda a ƙasa yake yawo, yana zaga layukan da aka damƙa masa. A shekarun 1960 aka sauya salo. Aka raba wa jami'ai ƙananan motoci da rediyon hannu domin su riƙa kai ɗauki da sauri. Saurin ya samu, amma sanayya ta ragu, domin wanda ke wucewa a mota ba ya tsayawa gaisawa da mai shago, ba ya kuma jin abin da tsohuwa za ta faɗa masa a bakin ƙofarta. Bayan tarzomar Brixton ta 1981, rahoton Lord Scarman ya nuna irin nisan da ya shiga tsakanin 'yan sanda da jama'ar da suke tsaro, ya kuma nemi a riƙa tuntuɓar mutanen unguwa.

A 1982 mazauna ƙauyen Mollington, kusa da birnin Chester, suka kafa ƙungiyar maƙwabta masu sa ido ta farko a Birtaniya. Daga Amurka aka aro dabarar. Maƙwabta su taru, su zaɓi mai haɗa kansu, su manna alama a tagogi da turakun fitilu, duk wanda ya ga abin da hankalinsa bai kwanta da shi ba ya kira 'yan sanda. Ba sa sintiri, ba sa kama kowa, ba sa riƙe makami. Cikin 'yan shekaru ƙungiyoyin suka bazu ko'ina a ƙasar. Sai dai an lura cewa sun fi kafuwa a unguwannin masu hali, inda dama satar ba ta da yawa, unguwannin da suka fi shan wahala kuwa da ƙyar ake samun masu fitowa taro. Wani bincike da Trevor Bennett ya yi a unguwanni biyu na Landan a shekarun 1980 bai ga raguwar laifi ba, ko da yake nazarin da shi da abokan aikinsa suka yi daga baya, wanda ya tattara bincike da dama, ya nuna ƙungiyoyin kan rage laifi daidai gwargwado. Alamar da aka manna a taga ita kaɗai ba ta hana ɓarawo haurowa.

A wannan yanayi ne aka yi gwajin Kirkholt. Unguwa ce a gefen garin Rochdale, a yankin Manchester, wadda a lokacin take da gidaje kusan 2,280, mallakar majalisar gari, talakawa ke haya a ciki. A tsakiyar shekarun 1980 yawan fasa gidaje a can ya kai kimanin ɗaya ga kowane gida huɗu a shekara. Ma'aikatar cikin gida ta ba da kuɗi, aka haɗa tawaga da ta ƙunshi Ken Pease na Jami'ar Manchester, da jami'in ɗan sanda David Forrester, da ma'aikatan hukumar da ke kula da masu laifin da kotu ta saki bisa sharaɗi, da sashen gidaje na majalisar gari.

Kafin su taɓa komai sai da suka yi tambaya. Sun zauna da ɓarayi fiye da 70 waɗanda kotu ta riga ta hukunta, suka tambaye su yadda suke zaɓar gida, ta ina suke shiga, me suke nema. Sun kuma bi gidajen da aka yi wa sata ɗaya bayan ɗaya, suka ji ta bakin masu gida da maƙwabtansu. Amsoshin sun nuna cewa ɓarawon ba daga nesa yake zuwa ba. Yawanci kusa da gidansu yake sata, kuma babban abin da yake dubawa shi ne ko akwai mutum a ciki. Ƙofa ko tagar da ya shiga ta ciki ma, a mafi yawan lokuta ana iya hango ta daga gidan maƙwabci.

Abu biyu suka fi jan hankalin masu binciken. Na farko mita ce. A wancan zamani gidajen talakawa da yawa a Ingila suna da mitar wuta da ta iskar gas wadda ake zura wa sulalla kafin ta ba da wuta. Sulallan sukan taru a akwatin ƙarfe da ke jikin mitar har ranar da ma'aikacin kamfani zai zo ya kwashe. Kowane yaro a unguwar ya san akwai kuɗi a wannan akwati, ya san inda yake a cikin gida, tunda ginin gidajen kusan iri ɗaya ne. Kusan rabin fasa gidajen da aka yi a Kirkholt sun haɗa da ɓalle mita. Kuɗin ba sai an kai shi kasuwa an sayar ba kamar talabijin, a aljihu ake zuba shi a fita.

Abu na biyu ya fi na farko nauyi, shi ne kuma ya sa sunan Kirkholt ya shiga littattafan nazarin laifuka. Gidan da aka fasa sau ɗaya ya fi sauran gidaje haɗarin a sake fasa shi, har ninki huɗu, kuma haɗarin ya fi tsanani a makonnin farko. Dalilin a fili yake. Ɓarawon ya riga ya san tagar da sakatarta ta lalace, ya san lokacin da mutanen gidan ke fita, ya ga abin da bai iya ɗauka ba a zuwan farko, ya kuma san za a sayo sabo a madadin wanda ya ɗauke. Mutane kan ɗauka cewa wanda aka yi wa sata ya gama biyan nasa rabon. Lissafin Kirkholt ya nuna akasin haka.

Da wannan sani aka fara aiki a watan Maris na 1987. Kuɗin da ke hannu ba zai isa a gyara gidaje dubu biyu da wani abu a lokaci ɗaya ba, don haka aka bi sahun ɓarawo. Duk gidan da aka fasa, cikin 'yan kwanaki jami'i zai zo ya duba ƙofofi da tagogi, sashen gidaje ya turo masu gyara su sa sakatu da makullai masu ƙarfi, ba wai su mayar da abin da ya karye yadda yake da ba. A rubuta lambar adireshin gidan a jikin kayan da ke da daraja, yadda mai sayen kayan sata zai yi shakkar karɓa. Aka kuma shawo kan kamfanonin wuta da na gas suka cire mitocin sulalla, suka sauya su da wata hanyar biya wadda ba ta tara kuɗi a cikin gida.

Sai kuma batun maƙwabta, inda tawagar ta kauce wa hanyar da aka saba. Ba a kira taron unguwa baki ɗaya ba. Da amincewar wanda aka yi wa satar, ma'aikacin shirin yakan ƙwanƙwasa ƙofofin gidaje shida ko bakwai da suka kewaye shi, na dama da na hagu, na gaba da na baya, ya shaida musu abin da ya faru, ya roƙe su su sa ido a kan wannan gida guda, su kira 'yan sanda da zarar sun ga baƙon motsi. Wanda ya yarda, shi ma sai a duba masa tsaron gidansa. Roƙo ne ƙarami da mutum zai iya ɗauka. Ba a ce masa ya gadi unguwa ba, an ce ya lura da tagar bayan gidan da yake gani kullum daga ɗakin girkinsa. Kuma yana da dalilin kansa na yarda, tunda binciken da aka yi daga baya ya tabbatar cewa gidajen da ke kusa da wanda aka fasa su ma haɗarinsu kan ƙaru na ɗan lokaci. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A hankali waɗannan ƙananan zobba na maƙwabta suka yi ta haɗuwa har suka mamaye yawancin unguwar.

A shekarar da ta gabaci shirin an fasa gidaje sau 526 a Kirkholt. A shekarar farko adadin ya sauko zuwa 223, a ta biyu 167, a ta uku 132. Kashi uku cikin huɗu na satar ya tafi. Masu binciken sun duba unguwannin da ke kewaye ko ɓarayin can suka koma, ba su ga alamar hakan ba. A zango na biyu na shirin aka waiwayi abin da ke tura matasa sata tun farko. Hirar da aka yi da ɓarayin ta nuna bashi da rashin aiki sun dabaibaye da yawansu, sai aka kafa asusun adashi da ba da rance na unguwa, aka shiga makarantu, aka kuma sa masu laifin da kotu ta yanke wa aikin al'umma su yi shi a cikin unguwar.

Wajibi ne a faɗi iyakar wannan nasara. A daidai lokacin ana wasu gyare-gyare a gidajen Kirkholt, kuma da yake an ɗauki matakan a tare, da wuya a ware wanda ya fi tasiri. Garuruwan da suka kwaikwayi shirin ba duka suka ga irin wannan sakamako ba. Masanin da ya bi diddiginsu, Nick Tilley, ya nuna cewa wasu sun ɗauki matakan ne suka bar tambayar da ta haife su. Cire mita ya yi amfani a Kirkholt saboda mita ce ke jawo ɓarawo a Kirkholt. A wata unguwar matsalar lungun bayan gidaje ce, shi ya sa a Liverpool aka sa wa irin waɗannan lunguna ƙofofin ƙarfe aka raba wa mazauna makullai, fasa gidaje ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku. A Huddersfield kuma, a tsakiyar shekarun 1990, aka tsara taimakon hawa uku: wanda aka yi wa sata sau ɗaya yana da nasa, na sau biyu a ƙara masa, na sau uku har na'urar ƙararrawa ake ara masa wadda ke sanar da 'yan sanda kai tsaye.

Dokar 1998 kan laifuka da tada zaune tsaye ta mayar da irin wannan haɗin gwiwa dole, ta ɗora wa majalisun garuruwa da 'yan sanda nauyin zama tare su tsara yadda za a rage laifi a yankinsu. Duk da haka wata matsala ta ɓullo. Ƙididdiga na nuna laifuka na raguwa tun tsakiyar shekarun 1990, amma jama'a na cewa ƙaruwa suke yi. Abin da mutum ke gani a ƙofar gidansa, fasassun fitilun titi, motar da aka ƙone aka bari, samarin da ke shaye-shaye a tashar bas, shi ke gaya masa ko yana cikin aminci, ba alƙaluman ma'aikata ba. Domin magance wannan, wata doka ta 2002 ta ƙirƙiro mataimakan 'yan sanda masu kayan sarki, waɗanda ba su da cikakken ikon kama mutum, aikinsu yawo a ƙasa da sauraron jama'a. Daga 2004 Landan ta fara ba kowace mazaɓa tawagarta: saje ɗaya, kurata biyu, mataimaka uku. Sukan kira taro, mazauna su faɗi abubuwan da suka fi damunsu, tawagar ta dawo a taro na gaba ta faɗi abin da ta yi a kai.

Fasa gidaje a Ingila da Wales ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku tun daga tsakiyar shekarun 1990. Masana irin su Graham Farrell da Andromachi Tseloni sun danganta mafi yawan raguwar da abubuwa masu sauƙi da suka zama ruwan dare a gidaje: makullin taga, makulli biyu a ƙofa, fitilar waje mai kunna kanta idan ta ji motsi, da fitilar ciki da ke kamawa da yamma ko babu kowa a gida. Gidajen da ba su da waɗannan, galibi na 'yan haya da marasa ƙarfi, su ne har yanzu suka fi shan sata.

Tawagogin unguwa kuwa sun sha wuya bayan 2010, lokacin da gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Mataimakan 'yan sanda, waɗanda yawansu ya kusa 17,000 a wannan shekara, sun koma ƙasa da 8,000 a 2024. Waɗanda suka rage ma akan janye su daga unguwanninsu a tura su amsa kiran gaggawa ko tsaron filin ƙwallo da zanga-zanga, kuma a 2017 hukumar da ke sa ido kan aikin 'yan sanda ta yi gargaɗin cewa aikin unguwa na zaizayewa. Wannan asara ce ta gaske, domin sanin wane gida aka fasa makon jiya da wane maƙwabci zai yarda ya sa ido abu ne da jami'i ke tarawa cikin shekaru, kuma yakan tafi da shi ranar da aka ɗauke shi. Gwamnatin da ta hau mulki a 2024 ta yi alkawarin ƙara jami'ai 13,000 a aikin unguwa, tare da ba kowace unguwa ɗan sanda guda da mazauna za su san sunansa, su kuma iya samunsa idan suna nemansa.