Katin Bashi Na Matafiya: A Karanta Sharaɗi Kafin A Sa Hannu

Kwanan baya ƙanwata da ke aure a Amurka ta bugo mini waya tana neman shawara. Maigidanta na son karɓar katin bashi irin na manyan matafiya, saboda yawan zuwansu gida da Umra. Ta ce, "Yaya, wanne ya fi?"

Uku ne suka yi fice a can. Akwai American Express Platinum, wanda a 2025 kuɗinsa na shekara ya kai dala 895. Akwai Chase Sapphire Reserve, da ya koma dala 795 a wannan shekarar. Sai Capital One Venture X, mai dala 395. Dukkansu suna ba mai kati damar shiga falon hutawa na filin jirgi, inda ake samun abinci da wurin zama, kuma ba sa cirar ƙarin kuɗi don an yi sayayya a wata ƙasa. Na Chase da na Capital One suna mayar wa mutum dala 300 a shekara daga kuɗin tafiya. Na Chase Visa ne, don haka shaguna a ƙasashen waje sun fi karɓarsa fiye da American Express. Wanda tafiyarsa ɗaya ce a shekara, da wuya ya ci ribar waɗannan kuɗaɗen.

Amma 'yar uwa, babbar maganar tana cikin sharaɗin da ake sa wa hannu. Idan wa'adin biya ya wuce da saura, sai a ɗora kuɗin ruwa, wanda a irin waɗannan katunan yakan haura kashi 20 cikin ɗari a shekara. Wannan riba ce ƙarara. A zamanta na Riyad a 2000, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta yanke cewa bai halatta a yi amfani da katin bashi mai sharaɗin kuɗin ruwa ba, ko da mutum ya ƙudurta biya kafin wa'adi. Ta kuma hana sayen zinare da azurfa da kuɗin ƙasashe da katin da babu kuɗin mai shi a ciki. Masu saro gwal a Dubai, sai a kula. Wasu malamai sun sassauta wa mazauna Turai da Amurka idan buƙata ta matsa, bisa sharaɗin biya duka a kan lokaci. Sai dai zaman falo da tara maki ba lalura ba ne.

Shawarar da na ba ƙanwata ita ce su riƙe katin da ke cirar kuɗi kai tsaye daga asusunsu, su riƙa tara guzuri kafin tafiya. Mazauna Saudiyya da Dubai kuwa suna da bankunan Musulunci masu ba da kati da lada tsayayye, amma ko nan a karanta takarda, a tambayi malami.

Allah Ya tsarkake mana dukiyoyinmu, Ya kai mu Ɗakinsa da halal, amin.