Tseren rali a wasannin bidiyo: Yadda ake tuƙi a kan burji da ƙanƙara

A duk watan Fabrairu manyan direbobin tseren motoci na duniya kan hallara a ƙasar Suwidin, inda suke sheƙa gudu a tsakiyar daji, a kan hanyoyin da ƙanƙara ta rufe, da saurin da kan haura kilomita 150 a cikin sa'a guda.

Mutane ƙalilan ne za su taɓa zama a cikin irin waɗannan motoci. To amma miliyoyin jama'a sun ɗanɗana wani abu mai kama da haka suna zaune a ɗakunansu, ta hanyar wasannin bidiyo.

Masu sha'awar waɗannan wasanni na ɗaukar tuƙi a kan burji da ƙanƙara a matsayin ɓangare mafi wuya a cikinsu. Shin mene ne dalili? Kuma wane darasi ke ciki ga mai tuƙin mota ta gaske?

Mene ne rali?

Rali ya bambanta da tseren da aka saba gani a talabijin, inda motoci ke zagaye fili ɗaya suna rige-rigen wuce juna.

A rali ana rufe wata hanya ce ta karkara, a riƙa sakin motoci ɗaya bayan ɗaya, da tazarar mintuna a tsakaninsu. Agogo ne abokin hamayyar kowane direba. Bayan kwanaki uku ko huɗu sai a haɗa lokacin da kowa ya ɗauka a dukkan zangunan, wanda nasa ya fi ƙanƙanta shi ne zakara.

Tun a 1911 aka fara ralin Monte Carlo, yayin da gasar cin kofin duniya ta rali, wato WRC, ta soma a 1973 a ƙarƙashin hukumar tseren motoci ta duniya, FIA.

Gasar na bi ta kan kwalta, da tsakuwa, da laka, da dusar ƙanƙara. Wannan sauyin ƙasa shi ne ƙashin bayan rali, kuma shi ne abin da masu ƙera wasannin bidiyo suka shafe kusan shekaru 30 suna ƙoƙarin kwaikwayo.

Daga Sega zuwa yau

A wasannin farko na tseren mota, launi ne kawai ya raba kwalta da ƙasa, motar dai tafiyarta ɗaya ce.

Lamarin ya sauya a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da kamfanin Sega na Japan ya fito da Sega Rally Championship. A cikinsa, da zarar mota ta sauka daga kwalta zuwa tsakuwa ko laka, sai mai wasa ya ga ta fara santsi.

A 1998 kamfanin Codemasters na Birtaniya ya fito da Colin McRae Rally, wanda aka sa wa sunan direban nan ɗan yankin Skotland da ya lashe kofin duniya a 1995. Wasan ya bi tsarin rali na gaskiya: mota ɗaya a kan hanya, da agogo, da ɗan lokacin gyara a tsakanin zanguna.

Shi kuwa Gran Turismo na kamfanin Sony, ya shigo da hanyoyin burji ne a fitowarsa ta biyu a 1999. A fitowa ta huɗu, wadda ta fara shiga kasuwa a Japan a ƙarshen 2004, an ƙara hanyoyin ƙanƙara, ciki har da wadda aka sa wa sunan garin Chamonix na Faransa. Sai mai wasa ya saya wa motarsa tayoyin da suka dace kafin a bar shi ya shiga.

A wannan shekara ta 2004 ne kuma aka fitar da Richard Burns Rally, mai ɗauke da sunan zakaran duniya na 2001. Wasan ya yi ƙaurin suna wajen wuya, ta yadda sabon shiga kan ƙare a cikin rami tun a kwanar farko. Burns ya rasu a 2005, McRae kuma a 2007, amma shekaru da dama bayan haka masoya wasan na Burns sun ci gaba da ƙara masa sababbin hanyoyi da motoci da kansu.

Daga baya Codemasters ya fito da DiRT Rally a 2015, da DiRT Rally 2.0 a 2019, sannan EA Sports WRC a 2023, bayan da kamfanin Electronic Arts na Amurka ya saye shi a 2021.

Me ya sa mota ke zamewa?

Duk girman mota da ƙarfin injinta, wurare huɗu ne kawai take taɓa ƙasa da su, kuma kowannensu bai wuce faɗin tafin hannu sosai ba. Ta waɗannan wurare ne take tashi, take tsayawa, take kuma shan kwana.

Riƙon da taya ke yi wa ƙasa yana da iyaka. Idan direba ya ƙarar da shi wajen taka birki, babu abin da zai saura na juya motar. Wannan ne ya sa mai wasan da ya afka kwana a guje, ya danne birki kuma ya murɗa sitiyari lokaci guda, yakan ga motarsa ta wuce miƙe cikin itatuwa.

A kan busasshiyar kwalta riƙon yana da ƙarfi. A kan tsakuwa yakan ragu, a kan dusar ƙanƙara ya ƙara raguwa, a kan daskararriyar ƙanƙara kuwa kusan babu shi ga tayar da aka saba. Littafin dokokin hanya na Birtaniya ya yi gargaɗin cewa nisan da mota ke buƙata kafin ta tsaya zai iya ninkawa har sau goma a kan ƙanƙara.

Akwai kuma lissafin da bai canzawa a kan kowace irin ƙasa. Idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke buƙata yakan ninka sau huɗu.

Abin da kwamfuta ke yi a cikin wasan shi ne lissafa waɗannan abubuwa ga kowace taya ita kaɗai, sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya: nauyin da ke kanta, da irin ƙasar da take takawa, da saurin juyawarta.

Dabarun tuƙi a kan burji

A kan kwalta, motar da ke zamewa ɓata lokaci take yi. A kan burji lamarin ya sha bamban, domin tayar da ke tafiya a ɗan karkace tana share tsakuwar da ke sama, ta kama ƙasa mai tauri da ke ƙarƙashi. Shi ya sa ake ganin motocin rali na shiga kwana da gefe.

Sirrin dabarar shi ne sarrafa nauyin mota. Idan aka taka birki nauyi kan koma gaba, tayoyin gaba su kama ƙasa, na baya su yi sauƙi. A wannan ɗan lokaci ne direba ke juya sitiyari, sai bayan motar ya zagayo. Daga nan sai ya mayar da sitiyarin ɓangaren da take zamewa, ya taka totur a hankali don ta miƙe.

Direbobin arewacin Turai sun shahara da wata dabara, inda suke fara karkata motar ɓangaren da ba shi za su bi ba, sannan su fizgo ta cikin kwanar, kamar yadda ake jan lilo baya kafin a sake shi.

Akwai kuma taka birki da ƙafar hagu yayin da ta dama ke kan totur, da jan birkin hannu a kwanar da ta lanƙwashe gaba ɗaya.

Irin motar ma na da tasiri. Wadda injinta ke juya tayoyin baya kaɗai takan yi saurin juyewa da direba, yayin da mai juya duka huɗun ta fi kama ƙasa. Kamfanin Audi na Jamus ne ya tabbatar da hakan da motarsa Quattro a farkon shekarun 1980, kuma tun daga wancan zamani manyan motocin rali suka koma wannan tsari.

A DiRT Rally 2.0 an ƙara wani abu da direbobi na gaske suka daɗe suna kuka da shi. Motar da ta fara bin hanya takan tarar da tsakuwa a baje, waɗanda ke can baya kuma su tarar an haƙe hanyar da ramuka.

Ƙanƙara iri biyu

Abin mamaki shi ne, ralin Suwidin na cikin mafiya sauri a gasar duniya, duk da cewa a kan ƙanƙara ake yin sa.

Dalili shi ne tayoyin. Sirara ne, kuma kowace na ɗauke da ƙusoshin ƙarfe fiye da 300 da ke cizon ƙanƙarar. Direbobi kan kuma jingina motar da tudun dusar ƙanƙara da ke gefen hanya don ya mayar da su kan layi. Idan aka jingina fiye da kima, tudun kan haɗiye gaban motar, a yi asarar mintuna.

Ƙwarewa ce da aka daɗe ana ganin ta 'yan yankin ce kaɗai. Sai a 2004 ne wani wanda ba ɗan arewacin Turai ba ya lashe ralin, wato Sebastien Loeb na Faransa. A 2022 an mayar da ralin garin Umea da ke can arewa, saboda ƙarancin dusar ƙanƙara a yankin da aka saba yin sa.

Monte Carlo kuwa wani abu ne daban. Hanyoyinsa na kan tsaunuka ne, kuma a zango ɗaya mota kan tashi a busasshiyar kwalta, ta haɗu da ƙanƙara a inda inuwar dutse ta hana rana kaiwa. Babu tayar da ta dace da duka biyun.

A cikin wasa, wannan ne wurin da ake gwada haƙurin mutum. Dole ya rage gudu tun daga nesa, ya taɓa birki da totur a hankali, ya kuma amince cewa a wasu kwanoni tafiyar hawainiya ce ke kai mutum ga nasara.

Muryar da ke kunnen direba

Direban rali ba ya tafiya shi kaɗai. A gefensa akwai mataimaki da ke karanta masa bayanin hanya daga littafin da suka rubuta tare lokacin da suka zagaya ta a hankali kafin gasar.

Wasannin sun kwaikwayi wannan, har ma da muryoyin mataimaka na gaske. Nicky Grist, wanda ya zauna a gefen McRae shekaru da dama, shi ne ke magana a wasannin farko na Colin McRae Rally.

A tsarin da wasannin DiRT ke amfani da shi, ana ba kowace kwana lamba daga 1 zuwa 6. Lamba 1 kwana ce mai tsanani, 6 kuma ana iya wuce ta kusan ba tare da ɗaga ƙafa ba. Ana kuma faɗin tazarar da ta rage, da gargaɗin tudu, ko gada, ko dutse a cikin kwana.

Kuskuren da sababbin 'yan wasa suka fi yi shi ne dogara ga ido kawai. Kafin ido ya ga kwanar da ke bayan tudu, lokacin taka birki ya riga ya wuce.

Rabon Afirka

Nahiyar Afirka na da tarihi a wannan fage. Tun 1953 ake yin ralin Safari a gabashin Afirka, wanda ya fita daga gasar duniya bayan 2002, ya dawo a 2021 a yankin Naivasha na Kenya. Hanyoyin Kenya sun fito a Colin McRae Rally 2.0 na shekara ta 2000, da kuma EA Sports WRC.

Mutanen Nijar kuwa ba za su manta da tseren Paris zuwa Dakar ba, wanda ya sha ratsa Agadas da hamadar Tenere a shekarun 1980. An soke na 2008 saboda barazanar tsaro a Muritaniya, aka mayar da shi Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020.

Wasa da gaskiya

Babu shakka wasannin na koyar da wani abu. Jon Armstrong, ɗan Ireland ta Arewa, ya lashe gasar duniya ta rali a kwamfuta a 2018, ya kuma zo na biyu a gasar matasa ta duniya da mota ta gaske a 2021. Sai dai shi direban rali ne tun kafin nan, rashin kuɗi ne ya tura shi ga kwamfuta na wani lokaci.

Abin da wasa ba ya iya koyarwa shi ne sakamakon kuskure. A kan allo, wanda ya daki bishiya maɓalli kawai zai danna ya sake farawa.

Direban rali na gaske yana zaune ne a cikin kejin ƙarfe, da hular kwano, da bel mai ɗaure kafaɗu da ƙugu, a kan hanyar da aka rufe, ga likitoci na jira. Duk da haka, a 1986 mutuwar 'yan kallo a Portugal, da ta direba Henri Toivonen da mataimakinsa Sergio Cresto a tsibirin Kosika, ta sa aka haramta rukunin motoci mafi ƙarfi na wancan lokaci.

Wannan batu ya shafi matasan da kan yi wasan mota a wuraren biki ko a titunan cikin gari, inda babu ko ɗaya daga cikin waɗannan matakan kariya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutane miliyan ɗaya da dubu 190 ne ke mutuwa a haɗarin mota duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kisan masu shekaru 5 zuwa 29.

Darasin da ya fi amfani ga mai bin hanyar burji da damina shi ne wanda wasannin ke tilasta wa kowa ya koya kafin ya kai ƙarshen zango: a rage gudu tun kafin a shiga kwana, a guji fizgar sitiyari ko danne birki farat ɗaya, a kuma bar wa mota isasshen filin tsayawa.