Harsunan Gida na Ɗaliban Lise a Yamai

Idan aka tambayi ɗalibin lise a Yamai wane harshe yake yi a gida, ba kasafai amsa ke zuwa guda ɗaya ba. Birnin yana cikin ƙasar Zabarmawa, amma Hausawa sun daɗe da cika kasuwanninsa, don haka yaron da ya tashi a nan yakan ji Zabarmanci da Hausa tun kafin a sa shi lakkwal. Faransanci kuwa a aji yawancinsu suka fara cin karo da shi, kuma da shi suke rubuta jarrabawar bakaloriya.

Ya kamata ɗalibin harshe ya bambanta harshen uwa, wato wanda yaro ya fara buɗe baki da shi, da harshen gida, wanda ake yini ana magana da shi a tsakar gida. Sau da yawa ba ɗaya ba ne. A ɗauki misalin gidan da uba Bafillace ne, uwa Bahaushiya. Uba na iya yi wa ƴaƴansa Fulatanci su mayar masa da Hausa, in sun fita ƙofar gida su koma Zabarmanci da abokan wasa. Irin wannan ɗalibi in aka tambaye shi yakan ce Fulatanci, alhali gaisuwa kawai ya iya. Asalinsa ya faɗa, ba harshensa ba. Shi ya sa mai bincike zai fi samun gaskiya in ya tambaya: da kaka wane harshe kake yi, da ƙannenka fa?

Hausar ɗaliban kanta cike take da aron Faransanci: malami "mushe" ne, littafin rubutu "kaye". Takwaransu na Kano zai ɗan yi jim kafin ya gane.

Hukuma ba ta rasa sanin wannan giɓi tsakanin gida da aji ba. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da harshen gida a Damagaram, dokar 2001 kuma ta amince da harsunan ƙasa 10. A 2025 aka mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Sai dai gwajin ya fi ƙarfi a firamare. Harsuna masu ƙarancin jama'a, irin su Tasawaƙ na Ingal da Buduma na bakin Tafkin Chadi, su ne ke saurin ɓacewa daga bakin yaran da suka tashi a birni.