Garin Furen Itatuwa da Sauyin Yanayi: Abin da Ya Kamata Jama'a Su Sani

Kowace shekara, daga watan Disamba zuwa Maris, mutane da dama a Kafanchan da Kagoro da Zonkwa da Kwoi sukan yi fama da atishawa, da yoyon hanci, da ƙaiƙayin ido. Galibi ƙurar hunturu ake ɗora wa laifi, amma ba ita kaɗai ba ce. A daidai wannan lokaci ne mangwaro da ɗorawa da kaɗanya suke fure, kuma fure yakan fitar da wani gari mai laushi wanda ta hanyarsa itace ke yin 'ya'ya. Jikin wasu mutane ba ya jituwa da wannan gari. Tun a shekarar 1873 wani likita a birnin Mancesta na Ingila, Charles Blackley, ya gwada shi a jikinsa, ya tabbatar cewa yana kawo irin wannan mura.

Itatuwa Ba Ɗaya Ba Ne

Garin mangwaro da na ɗorawa yana da nauyi da danƙo, domin ƙudan zuma da ƙwari da jemagu ne suke ɗaukarsa. Saboda haka ba ya yin nisa, ya fi damun wanda ke zaune ko aiki a gindin itacen. Kwakwar manja kuwa, wadda ake samu a kurmin kudancin Jihar Kaduna, tana zubar da gari mai yawa, iska kuma takan kwashi wani kaso nasa. Ciyawa ma haka take yi a ƙarshen damina, wajen Oktoba da Nuwamba.

Aikin Yanayi

Fure yakan saki garinsa ne idan rana ta ɗaga, raɓa ta bushe. Busasshiyar iskar hunturu, mai kaɗawa daga arewa maso gabas, tana riƙe shi a sama tare da ƙura, tana kuma busar da cikin hanci har ya zama ba ya jure komai. Idan akwai laima a iska, garin yakan yi nauyi ya sauka. Ruwan sama mai ɗorewa, irin na watan Agusta, yakan wanke iska sarai, masu ciwon su sami sauƙi.

Hadarin farkon damina, wajen Maris da Afrilu, shi ne abin lura. Guguwar da ke gabatar ruwa tana tayar da garin da ya kwanta, danshi kuma yana iya fasa ƙwayoyinsa su zama ƙanana ƙwarai, har su kai can cikin huhu. A birnin Melbon na Ostareliya, ranar 21 ga Nuwamba, 2016, irin wannan hadari ya watsa garin furen ciyawa, dubban mutane suka nufi asibiti, mutum 10 suka rasu.

Matakan Kariya

Ana shawartar wanda ya san yana da wannan larura ya rufe hanci da baki da ƙyalle mai tsabta a ranakun iska, ya kuma rage zama a gindin itacen da ke fure. A rufe tagogi da zarar hadari ya haɗu. A wanke fuska da hannuwa bayan dawowa daga gona, a kakkaɓe tufafin da aka shanya a waje. Mai ciwon asma kada ya rabu da maganinsa na shaƙa. Yana da kyau a riƙa sauraron hasashen Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa a rediyo.

Sare itatuwa ba magani ba ne, domin su ne suke tare ƙura, suke ba da inuwa da abinci. Idan numfashi ya yi wuya, ko ƙirji ya riƙa ƙara, musamman ga yaro ko tsoho, wajibi ne a garzaya asibiti ba tare da ɓata lokaci ba. Rigakafi ya fi magani.