Abubuwan ban mamaki a taƙaice: cire matsarmama da safe, a kwana a gida

Akwai tiyatar da ake yi wa mutum da hantsi, kafin magariba ya koma gida: cire matsarmama ta 'yan ƙananan huji, ba tare da an tsaga ciki ba. Ga abubuwa takwas game da ita.

1. Dawakin hawan Sallar Daura ba su da matsarmama. Haka Allah ya halicce su, su da jaki da raƙumi. Hanta ce ke yin ruwan ɗacin da ke narka maiƙo, matsarmama ajiya kawai take yi. Shi ya sa mutum ke rayuwa lafiya lau bayan an cire ta.

2. Kowa ya ga yadda mahauci ke lallaɓa wuƙa ya ɓamɓare ta daga jikin hanta, don kada ta fashe ta ɓata nama. Tsakuwar da akan samu a ta saniya kuwa, masu maganin gargajiya na ƙasar Sin suna sayenta da tsadar gaske.

3. Carl Langenbuch ne ya fara cire matsarmamar mutum ta hanyar tsaga ciki, a Berlin, a 1882. Sai a 1985 wani likitan Jamus, Erich Mühe, ya yi aikin ta ƙaramin huji.

4. Galibi huji 4 ake yi, kowanne bai wuce kusan santimita 1 ba. Ana hura iska a cikin don a sami fili, a zura kyamara, likita na aiki yana kallon allo. Bayan an farka, kafaɗa ce kan yi ciwo, saboda ragowar iskar na taɓa wata jijiya da ta haɗa da ita.

5. Yawancin masu tsakuwa a matsarmama ba su san suna da ita ba. Waɗanda ta tsananta musu kuma sukan daɗe suna shan maganin olsa, alhali hoton ciki kan nuna ta. Ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama bayan an ci maiƙo abin zuwa asibiti ne.

6. Masu sikila na saurin kamuwa da tsakuwar, har da yara, saboda yawan fashewar ƙwayoyin jininsu. Su akan kwantar da su a sa musu ido.

7. Sallamar rana ɗaya na da sharaɗi: babban mutum da zai kwana da majinyaci, waya mai caji, da motar komawa asibiti cikin dare. Daura na da Asibitin Sojin Sama da aka buɗe a 2019, amma wanda aka tura Katsina ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano daga Baure ko Zango, gara ya kwana a kusa. Zazzaɓi, amai, ko idanu su yi ɗorawa, a koma nan take.

8. Kuɗin aikin kansa yakan fi na tsaga ciki, domin na'urorin daga waje suke, kuma suna son wutar da ba ta ɗaukewa. Amma wanda aka tsaga kan yi kwana 3 zuwa 5 a gado, da mako 6 ko fiye kafin ya koma gona ko kasuwa. Mai huji kan warware cikin mako 2. A haɗa da kuɗin gado, abincin 'yan jinya da na mota, sannan a kwatanta.

A Najeriya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun jama'a yake fitowa. Don haka kafin a sa hannu, a tambayi likita: nawa ne jimilla, inshora za ta ɗauki nawa, kuma me za a ƙara idan dole ta sa aka tsaga cikin ana tsakiyar aiki?