Digiri Na Uku A Kimiyyar Sinadarai: Wace Takarda Malamin Gombe Zai Karɓa?

Tun da aka kafa Jami'ar Jihar Gombe a 2004, Jami'ar Tarayya ta Kashere kuma ta biyo baya a 2011, sassan kimiyyar sinadarai nasu ke ɗaukar matasan malamai masu digiri na biyu. Kowannensu ya san akwai matakin da ba zai tsallake ba sai da na uku. Samun gurbi ya yi sauƙi a zamanin intanet, har mai ƙwazo kan wayi gari da takardu uku a hannu: ta Zariya ko Kano, ta Maleshiya, da ta Ingila. Wuyar tana wajen zaɓe.

Dangi da abokai sunan jami'a suke tambaya, da ƙasar da take. To, ba girin-girin ba, ta yi mai. Wannan karatu ba a aji ake yin sa ba. A ɗakin gwaje-gwajen malami guda ake yin sa, shekara uku zuwa huɗu a Ingila, biyar ko fiye a Amurka. Malamin nan shi zai sa hannu a sayo maka sinadarai, shi zai karanta rubutunka ko ya ajiye shi wata shida a aljihun tebur, shi zai ce ka gama. Jami'a mai suna ba ta ceton ɗalibin da ya faɗa hannun malamin da kuɗin bincikensa suka ƙare.

Sai batun kuɗi, wanda ya sauya kamanni gaba ɗaya. Shekaru da dama asusun TETFund ne ke kai malamanmu waje, kuma Maleshiya ta kwashi kaso mai tsoka saboda arha da sauƙin zama ga Musulmi mai iyali. Da aka saki naira a kasuwa a watan Yunin 2023, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, waɗanda aka yi wa lissafi da tsohon farashi suka shiga halin ni-'yasu. Daga Janairun 2025 asusun ya dakatar da tura sababbin malamai ƙetare, yana kukan tsada da masu ƙin dawowa. Saboda haka takardar da ba ta faɗi wanda zai biya ba, gayyata ce kawai. A duba da kyau: wa zai biya, da kuɗin wace ƙasa, na shekara nawa? A Ingila kuɗin kayan gwaji daban ne da kuɗin makaranta, kuma sau da yawa alawus kan tsaya kafin a gama rubutun kundi. Tallafin PTDF, da na DAAD ta Jamus, da na Commonwealth, da jami'o'in Saudiyya irin su KAUST da ta Sarki Fahad da ke Dahran, waɗanda ke biyan ɗalibi duk wata, sun fi kowace takarda mai ƙyalli da babu sisi a bayanta.

Gida fa? Mai karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Bayero albashinsa na tafiya, iyalinsa na kusa. Amma yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya ci, kuma wanda ya haɗa sabon sinadari dole ya tabbatar da tsarinsa da na'urori irin su NMR, waɗanda ba su da yawa a ƙasar nan, masu aiki a cikinsu ma sai an yi tambaya. Sai mutum ya riƙa aika samfur Zariya ko ƙetare yana biya daga aljihu, yana jiran sakamako. Akwai hanya ta tsakiya da ba a cika kula da ita ba: a yi rajista a gida, a je waje a yi ɓangaren da ke buƙatar manyan na'urori. Commonwealth na da tallafin wata 12 na musamman domin haka.

Tambayar da na fi ba nauyi kuwa, ba na jin ana yin ta: in ka dawo Gombe ko Kashere, me za ka iya ci gaba da yi? Wanda ya shafe shekara huɗu kan aikin da ba ya yiwuwa sai da na'urar miliyoyin daloli zai dawo da takarda mai daraja, amma binciken nasa ya tsaya a filin jirgi. Ga shi kuwa jihar nan cike take da aikin masanin sinadarai. Dutsen siminti na Ashaka, kwal na Maiganga da ruwan da ke kewaye da mahaƙarsa, man Kolmani da aka ƙaddamar da haƙarsa a Nuwamban 2022, ruwan Dadin Kowa da birnin Gombe ke sha, da sinadarin fulorayid da ya rina haƙoran mutane a yankin Kaltungo, duk suna jiran wanda ya iya awo da tacewa. Fannin auna sinadarai, da na muhalli, da wanda ake lissafa shi a kwamfuta, suna iya rayuwa a nan da kayan da jami'a za ta iya saye. Ban ce kowa ya guji bincike mai zurfi ba. Cewa nake, mai son sa ya zaɓi malamin da zai bar masa ƙofa a buɗe, ya ci gaba da karɓar samfurinsa da na ɗalibansa bayan an rabu. Wanda kuma ya sa hannu a yarjejeniyar dawowa aiki, wannan lissafin ya zama masa tilas.

Don haka, Malam, kafin ka amsa kowace takarda, buɗe shafin malamin da zai duba aikinka ka ga abin da ɗalibansa suka wallafa a shekaru biyar da suka wuce, da ko sunansu ne a gaba. Sannan ka nemi biyu da suka gama a hannunsa, musamman wanda ya koma wata jami'a a Afirka, ka tambaye su shekara nawa suka yi, da ko har yau yana amsa musu saƙo.